Bambancin Adadin Furoton a Karon Ƙwayoyin Zarra

A shekarar 2000 ne na'urar RHIC da ke Brookhaven a Amurka ta fara gwara cibiyoyin ƙwayoyin zarrar zinare da juna, cikin gudu kusan na haske. Zafin karon yakan haura digiri tiriliyan 2, inda furoton da nutiron ke narkewa su saki ƙananan ƙwayoyin kwak da guluwon da ke cikinsu.

Masana kan ƙidaya furoton ɗin da kowane karo ya fitar, kuma adadin yakan bambanta daga karo zuwa karo. Idan bambancin ya wuce kima, ana ɗaukarsa alamar kusantar gaɓar da narkewar sannu a hankali ke rikiɗewa zuwa sauyi na farat ɗaya. Domin gano wannan gaɓa ne aka soma rage ƙarfin karon mataki-mataki a shekarar 2010.