Lassi, abin shan Indiya da ake yi da kindirmo

Lassi abin sha ne na yankin Punjab, wanda Indiya da Pakistan suka raba. Kindirmo ne ake burgawa da ruwan sanyi har ya yi kumfa, wani da sukari, wani da gishiri.

Na mangwaro ya fi mana sauƙi a nan, tunda yana cika kasuwa daidai zafin Afrilu da Mayu. Kofi 2 na kindirmo, kofi 1 na ruwa, nunannen mangwaro guda, sai sukari kaɗan. Maburgi ma ya isa, in an tace mangwaron saboda zare.

Amma fa kindirmon ya zama na madarar da aka tafasa. In babu firigo, a shanye nan take, don zafi na saurin tsamama shi.