Yadda injiniyoyi suka raba ruwa da iska a cikin injin matse iska

Idan ka taɓa taɓa jikin famfon keke bayan ka gama ba taya iska, ka san yana ɗaukar zafi. Haka iska take, duk lokacin da aka matse ta sai ta yi zafi. Iskar da aka matse ninki 8 ba tare da sanyayawa ba tana iya haura digiri 250 a ma'aunin Salshiyas, zafin da zai ƙona man injin ya kuma ci ƙarfi a banza. To da me za a sanyaya ta?

Amsar farko ita ce ruwa kai tsaye. A 1857 aka fara haƙa ramin jirgin ƙasa na Mont Cenis tsakanin Faransa da Italiya, aka buɗe shi a 1871. Injiniya Germain Sommeiller ya yi amfani da ruwa wajen matse iskar da ke tura injinan huda dutse, wato ruwan da iskar suna haɗuwa a wuri ɗaya. Da aka zo ramin Gotthard na Suwizalan a 1872, sai Daniel Colladon ya tsara injinan da ake fesa ruwa a cikin silindarsu. Ta fuskar sanyi kam dabarar ta yi aiki.

Amma fa ruwan ya zo da nasa. Yana wanke man da ke jikin silinda, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, tsatsa ta biyo baya. Iskar kuma tana fita a jiƙe, har ruwan kan daskare a bakin injin huda dutse idan iskar ta saki. Shi ya sa a ƙarshen ƙarni na 19 aka koma zagaya ruwan ta bayan silinda, bangon ƙarfe ya shiga tsakani. Aka kuma raba matsewar hawa biyu ko uku, ana sanyaya iskar a tsakani.

Sai dai raba su bai kori tsatsa ba, domin iskar ma da ruwanta take tafe. Ka lura da gumin da ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi? Shi ne. A digiri 30, mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na iska ba ya riƙe fiye da kusan giram 30 na danshi. Ka matse irinsa 8 da suka cika da danshi su zama ɗaya, ka sanyaya, kusan giram 210 zai sauko a matsayin ruwa. Gara ya sauko a na'urar sanyayawa inda za a zubar da shi, da ya kwanta a tanki.

Yau zaɓin ya danganta da wuri. Ruwan teku yana da gishirin da ke huda ƙarfe, don haka masana'antun gaɓar teku kan yi bututun da titaniyam ko gaurayen tagulla da nikel. Ruwan burtsatse mai ƙarfi kuwa yana barin farin ɓawo a bututu. A ganina, a wurin da ruwa ke wahala, fanka ta fi sauƙin kulawa, in dai za a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu. Wanda ya nace sai ruwa, ya rufe shi yana zagayawa kamar na lagireton mota, da maganin tsatsa a ciki.

Ko ƙaramin tankin mai faci yana da ɗan famfo a ƙasansa. In an buɗe shi da damina, jan ruwa ne ke fara fitowa.