2.3 Asalin Laƙabin Fighting Irish na Jami'ar Notre Dame

Wannan sashe zai duba yadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Jami'ar Notre Dame, da ke jihar Indiyana, ta sami laƙabin Fighting Irish, wato mafaɗatan Ailan. Abin lura a nan shi ne, Fada Edward Sorin, wanda ya kafa jami'ar a 1842, Bafaranshe ne. Haka kuma Knute Rockne, wanda ya horar da ƙungiyar daga 1918 zuwa 1930, haifaffen Norway ne. Ke nan laƙabin bai samo asali daga shugabanni ba, dole a nemi tushensa a cikin tarihin ɗaliban.

Yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845 zuwa 1852 ta sa mutane fiye da miliyan ɗaya sun yi ƙaura, akasarinsu zuwa Amurka. Mafi yawansu talakawa ne mabiya ɗariƙar Katolika. Su kuwa 'yan Furotesta, waɗanda suka fi rinjaye, suna yi musu kallon mashaya masu neman rigima. Zuriyar waɗannan baƙi ce ta yi yawa a Notre Dame. Saboda haka, bayan ƙungiyar ta fara wasa a 1887, kiran 'yan wasanta da mafaɗatan Ailan gori ne, ba yabo ba. Jaridu kuma sun riƙa kiran ta Ramblers, wato 'yan yawo, saboda tafiye-tafiyenta masu nisa.

Al'amarin ya sauya a shekarun 1920. A watan Mayu na 1924, ɗaliban jami'ar sun yi arangama da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ƙyamar Katolika, a garin South Bend. A kakar wasa ta wannan shekara babu wanda ya ci ƙungiyar, har ta doke Stanford da 27 da 10 a gasar Rose Bowl a Janairun 1925. Francis Wallace, tsohon ɗalibin jami'ar, ya yayata laƙabin a jaridun New York. A 1927 ne shugaban jami'ar, Fada Matthew Walsh, ya amince da shi a hukumance.

Bisa ga waɗannan bayanai, wannan nazari na ganin cewa laƙabin zambo ne da ya rikiɗe ya zama kirari. Kalmomin ba su canja ba. Abin da ya canja shi ne bakin da ke furta su, da kuma matsayin Katolika a cikin al'ummar Amurka.