Zomo da Shanu a Tarihin Binciken Cututtukan Bairas, 1885 Zuwa 2020

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin da ake tsara kasafin kuɗi ya san cewa idan aka zo tsuke bakin aljihu, binciken cututtukan dabbobi yana cikin abubuwan da alƙalami kan fara bi ta kansu. Dalili kuwa a fili yake. Hanya ana ganinta, asibiti ana ganinsa, amma malamin da ya shekara goma yana duba hantar zomo a ɗakin bincike ba shi da abin da zai nuna wa mai rabon kuɗi a ƙarshen shekara. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin irin wannan bincike ta kan dabba guda, watau zomo, don a ga abin da ya haifar, da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya haifar.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a fayyace tun da farko. Na ɗaya, zomon da ake nufi a nan shi ne zomon Turai, wanda asalinsa Sifen da Fotugal ne, wanda kuma daga jikinsa aka sami zomayen da ake kiwo a gida. Zomon dawa na ƙasar Hausa ɗan'uwansa ne kawai. Na biyu, bairas wata irin ƙwayar cuta ce wadda ƙanƙantarta ta sa madubin likita na yau da kullum ba ya iya nuna ta, ba ta hayayyafa sai a cikin jikin abu mai rai, kuma magunguna irin su fenisilin ba sa yi mata kome. Saboda haka masu bincike na farko tilas suka nemi dabbar da za su riƙa renon ƙwayar a jikinta. Zomo ga araha, ga saurin haihuwa, ga sauƙin ajiyewa, sai ya zama shi ne ɗakin renon.

Lakar Zomo da Haukan Kare

A shekarar 1885 babu mahalukin da ya taɓa ganin ƙwayar da ke haddasa haukan kare. Abin da Louis Pasteur da abokin aikinsa Emile Roux suka gano a birnin Faris shi ne tana zaune a ƙwaƙwalwa da laka. Sai suka riƙa ɗibarta daga wannan zomo suna sa wa wancan, bi da bi, har ƙarfinta ya daidaita. Daga nan suka riƙa zare lakar zomon da ya mutu suna rataye ta cikin kwalba ta bushe. Iyakar daɗewar da lakar ta yi a rataye, iyakar raguwar kaifin ƙwayar, har bayan kamar mako biyu ta zama ba ta kisa.

Ran 6 ga watan Yuli na shekarar aka kawo musu wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister wanda mahaukacin kare ya ciza. Aka yi masa allura 13, aka fara da lakar da ta fi bushewa, aka ƙare da mafi kaifi. Yaron ya rayu. Jama'a daga ƙasashe da dama suka tara gudummawa, da ita aka gina Cibiyar Pasteur, aka buɗe ta a 1888.

Cutar da Ta Jira Shekara 54

A 1896 wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Sanarelli, wanda ke aiki a Montebidiyo ta ƙasar Yurugwai, ya tarar zomayen ɗakin bincikensa suna mutuwa da wata cuta baƙuwa: idanu su kumbura su rufe, fata ta fito da ƙulluttai, cikin kamar kwana goma zomo ya mutu. Ya rubuta bayaninta, aka sa mata suna miksomatosis. Daga baya wani ɗan Birazil, Henrique Aragão, ya nuna cewa ƙwayar tana zaune lafiya a jikin zomon daji na Amurka ta Kudu, ba ta yi masa kome sai ɗan ƙulli, kuma sauro ne ke ɗaukarta ya kai wa zomon Turai. A lokacin ba wanda ya ɗauki wannan bincike da wani muhimmanci.

Can kuwa a Ostareliya wata masifa ce ke girma. A 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki zomaye 24 a jihar Biktoriya don ya riƙa farauta. Da yake ba su da maƙiya da yawa a ƙasar, kafin ƙarni ya ƙare sun mamaye kudancinta, suna cinye ciyawar tumaki har saiwa, suna barin ƙasa tsirara iska na kwashewa. Tsakanin 1901 da 1907 gwamnati ta ja shingen waya mai tsawon kilomita kusan 1,800 don ta tare su, amma suka ƙetare. An ƙiyasta cewa a 1950 yawansu ya kai miliyan 600. A wannan shekara ce aka saki ƙwayar Sanarelli a kwarin kogin Murray, shekara 54 bayan ganin ta na farko. Da sauro ya yawaita a ƙarshen shekarar sai cutar ta bazu kamar wutar daji. Cikin zomaye dubu da ta kama, da kyar biyu ke tsira, kuma cikin shekara biyu yawansu ya sauko zuwa kamar miliyan 100.

An yi rashin sa'a a daidai lokacin wata cutar ƙwaƙwalwa ta ɓulla tsakanin mutanen yankin, jama'a suka ɗora wa sabuwar ƙwayar laifi. Don a kwantar musu da hankali, manyan masana uku, Frank Fenner da Macfarlane Burnet da Ian Clunies Ross, suka yi wa kansu allurarta, ba abin da ya same su.

Babban amfanin da ilmi ya samu ya zo ne bayan wannan. Fenner da abokan aikinsa ba su naɗe tabarma ba da ganin zomaye sun mutu. Kowace shekara sukan ɗebo ƙwayar daga daji su gwada ta a kan zomayen gida, su kuma kamo zomayen daji su gwada musu ƙwayar da suka adana. Sai suka ga abu biyu. Na farko, ƙwayar ta sauya. Wadda ke kisa cikin ƙasa da mako biyu ba ta ba sauro isasshen lokacin ɗaukarta, mai rauni ƙwarai kuwa ba ta taruwa da yawa a fata; saboda haka matsakaiciya, wadda zomo kan yi mako uku ko huɗu yana jinya da ita, ita ce ta rinjayi sauran. Na biyu, zomayen ma sun sauya, domin waɗanda suka tsira su ne suka haihu. A wani wurin da annobar ta ratsa sau bakwai, ƙwayar da a da take kashe kashi 90 cikin ɗari ta koma ba ta kashe ko sulusi. Wannan shi ne karo na farko da aka bi sawun yadda cuta da mai ɗauke da ita suke canza juna shekara bayan shekara, kuma har yau ana koyar da shi ga ɗaliban likitanci. Daɗin daɗawa, ƙwayar miksomatosis dangin ƙwayar agana ce. Fenner ɗin nan da ya ƙware a kan cutar zomo, shi ne ya shugabanci kwamitin da ya tabbatar wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1980 cewa agana ta ƙare a bayan ƙasa.

Abin da ya faru a Turai kuwa gargaɗi ne. A 1952 wani likita Bafaranshe, Paul Armand-Delille, ya sa wa zomaye biyu ƙwayar a gonarsa, ba da izinin kowa ba. Ta kashe mafi yawan zomayen dajin Faransa, ta shiga Ingila a 1953 inda ta kashe kusan kashi 99 cikin ɗari, ta shiga Sifen inda namun daji da tsuntsayen da ke rayuwa da naman zomo suka shiga yunwa.

Yadda Zomo Ya Taimaki Saniya

Hausawa na cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. A sha'anin cuta ma haka yake tsakanin zomo da saniya, kuma a nan ne tarihin ya iso ƙofar gida. Bushiya, wadda ƙwayarta 'yar'uwar ta ƙyanda ce, ta shigo Afirka a 1887 tare da shanun da sojojin Italiya suka sauke a Masawa, a gaɓar Bahar Maliya. Cikin 'yan shekaru ta iso ƙasashen Barno da Hausa. Zazzaɓi, majina, gyambon baki, sa'an nan zawo. A wurare da yawa cikin shanu goma tara suka faɗi, Fulani da dama suka wayi gari ba su da ko maraƙi.

Gwamnatin mulkin mallaka, wadda jangali ke cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta a Arewa, ta kafa sashen dabbobi a Zariya a 1913, ta mai da shi Vom a 1924, inda aka fara haɗa maganin bushiya daga jinin shanun da suka warke. Bayan haka aka sami allurar da aka rage wa kaifi ta hanyar renon ƙwayar a jikin awaki, dabarar da aka fara a Indiya. Ta yi wa shanu masu tozo daidai, amma ta fi ƙarfin waɗansu irin shanu, har takan kashe su. A 1938 wani Bajafane, Junji Nakamura, mai aiki a Busan ta ƙasar Koriya, ya bi hanyar Pasteur: ya riƙa wucewa da ƙwayar bushiya daga zomo zuwa zomo sau ɗaruruwa har ta yi laushin da shanu masu rauni za su iya ɗauka. Da wannan allura ta zomo da waɗanda aka samo daga gare ta ƙasar Sin ta kawar da bushiya a tsakiyar shekarun 1950, aka kuma yi amfani da ita a Afirka.

Wajen 1960 Walter Plowright, a Muguga ta ƙasar Kenya, ya yi nasarar renon ƙwayar a cikin kwalba, ya fitar da allura mai araha wadda sau ɗaya take kare saniya har iyakar ranta. Da ita aka yi babban gangamin da aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, aka rufe a 1976. Da cutar ta lafa, gwamnatoci suka janye kuɗi, aka daina bin maruƙan da ake haifa, aka daina sa ido. Ashe ƙwayar tana nan ɓoye a iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan. A farkon shekarun 1980 ta taso ta gabas da yamma, a 1983 ta yi wa garkunan Nijeriya mummunar ɓarna. Sai da aka sake sabon gangami a 1986, aka kuma ƙirƙiro allurar da ke jure zafi, kafin a ga bayanta. An ga bushiya karo na ƙarshe a Kenya a 2001, aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011.

Sabuwar Annobar Zomaye

A 1984 wata cuta da ba a taɓa sani ba ta ɓulla a lardin Jiangsu na ƙasar Sin cikin zomayen da aka sayo daga Jamus. Tana cin hanta, jini ya daskare a jijiyoyi, zomo ya mutu cikin kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci da jini a hanci. An ƙiyasta ta kashe zomayen gida miliyan 140 a Sin cikin ƙasa da shekara guda. Ta isa Italiya a 1986, ta isa Meziko a 1988. A Ostareliya ana cikin gwada ta a tsibirin Wardang ta kuɓuce a 1995. Da yake ƙwayar ta ƙi renuwa a kwalba, allurar rigakafinta ta farko daga hantar zomayen da aka sa wa cutar aka haɗa ta.

Sa'an nan abin da Fenner ya koyar ya sake tabbata. A 2010 wani sabon launin ƙwayar ya bayyana a Faransa, wanda ke kashe har 'ya'yan zomaye ƙanana da zomayen dawa, kuma tsohuwar allura ba ta tare shi sosai. A 2020 aka tabbatar da shi a gonakin zomaye a Nijeriya, inda matasa da mata da dama suka sa ɗan jarinsu a wannan kiwo.

Kammalawa

Abu uku ne wannan tarihi ya nuna. Na farko, ba a sanin inda bincike zai yi rana: wanda aka yi kan zomo ya taimaki wanda kare ya ciza, ya taimaki makiyayi, ya horar da wanda ya rufe littafin agana. Na biyu, amfanin yakan yi jinkirin da ya wuce wa'adin kowace gwamnati. Na uku, ƙwayar bairas tana sauyawa, saboda haka dakatar da sa ido yana da tsada, kamar yadda makiyayan Nijeriya suka gani a 1983.

Aikin bai ƙare ba. Murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, haukan kare yana nan, kuma ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya. Abin da cibiyoyi irin su Vom da tsangayoyin likitancin dabbobi suke bukata sananne ne: kuɗin da ba ya yankewa a shekarun lafiya, wutar da za ta riƙe allura da sanyi, ma'aikatan karkara masu kai rahoto da wuri, da ɗaliban da za su yarda su daɗe a kan cuta guda. Ma'aikacin da takardar neman kuɗin irin wannan bincike ta zo teburinsa, ya kamata ya auna ta da shekara 54 da binciken Sanarelli ya jira, da kuma shekara bakwai kacal da ke tsakanin rufe gangamin 1976 da ɓarnar 1983.