Bindle da Malam Zurƙe: Dariyar Talaka da Mai Injin Ɗab'i

A shekarar 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wani littafi mai suna Bindle ya fito a Landan. Gwarzonsa, Joseph Bindle, ɗan dako ne mai kwashe wa masu ƙaura kayan ɗaki, kuma bakinsa bakin Kokni ne, wato Turancin talakawan Landan wanda masu ilimi ke yi wa kallon gurɓatacce. Da wannan bakin yake muzanta masu girman kai da masu tsoron Allah na ganin ido. Marubucin, Herbert Jenkins, haifaffen Norwich ne, ba ɗan unguwar ba, amma yana da abin da ya fi zama ɗan unguwa amfani a harkar littafi: kamfanin ɗab'in nasa ne. Ya kafa shi a 1912, kuma shi ya riƙa buga littattafan P. G. Wodehouse. Saboda haka babu wanda ya isa ya ce masa ya gyara wa Bindle harshe.

Namu takwaran daga gefen dajin Birnin Gwari ya fito. Wanda ya bi hanyar Tegina zai isa Kagara, inda aka haifi Abubakar Imam a 1911. A gasar ƙaga labari da Rupert East ya shirya a 1933, Imam ya shigar da Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma ya shigar da Ganɗoki. Zaren labarin neman magani ne ga ɗan sarki, amma abin da ya zauna a zukatan masu karatu shi ne yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ɗana wa juna tarko gari bayan gari, kowa na neman abin kai wa baki da wayo.

A nan hanyar ta rabu. Imam ba shi da inji. Hukumar da ke Zariya ta gwamnatin mulkin mallaka ce, burinta kuwa samar da abin karantawa a rubutun boko, musamman ga 'yan makaranta. Ko da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ma'aikaci ne a gidan wani. Don haka barkwancinsa ya fito cikin tsabtatacciyar Hausa, ta fada da zaure. Bakin leburan jirgin ƙasa da na masu haƙar kuza a Jos bai sami irin wannan gurbi a takarda ba. Barikanci sai a rediyo da talabijin ya sami gida, a bakin Usman Baba Pategi cikin Samanja Mazan Fama.

Marubuci mai buga kansa bai yawaita a ƙasar Hausa ba sai a shekarun 1980, lokacin adabin kasuwar Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, yana cikin fitattunsu. An kuɓuta daga edita, aka faɗa hannun kasuwa, kasuwa kuwa soyayya ta fi saye.

Giɓin yana nan har yau. Direban da ke ratsa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da rai a hannu, da ɗan kamasho, da mai haƙar zinariya, duk suna da ba'ar da suke rage wa kansu fargaba da ita a tasha. Tarihi zai adana labaran hare-hare. Yadda mutanen suka yi magana suka yi dariya a cikin wannan hali kuwa, sai in wani ya rubuta. Yanzu da wayar hannu ta isa a buga littafi, uzurin rashin inji ya ƙare.