Tarihin Luwiza: Daga Kudancin Amurka Zuwa Butar Shayi

A yau za mu duba tarihin wani tsiro ne mai ƙamshin lemun tsami, wanda Turawa ke kira verbena, mutanen Maroko kuma ke ce masa luwiza.

Asalin wannan tsiro dai daga Kudancin Amurka yake, a ƙasashe irin su Ajantina da Bolibiya. A shekarar 1767 masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Philibert Commerson, ya ci karo da shi a birnin Buenos Aires. A 1784 kuma masana a birnin Madrid suka raɗa masa sunan kimiyya Aloysia, domin girmama gimbiya Maria Luisa, wadda daga baya ta zama sarauniyar Sifaniya. To, wannan suna na Luisa shi ne ya tsallaka teku zuwa Maroko ya koma luwiza, inda har yau ake jefa ganyen cikin shayi.

Shin daga ina ƙamshin yake fitowa? Daga wani sinadari ne da ake kira citral, wanda ke cikin man ganyen. Mai son shuka shi a gida, reshe zai yanka ya dasa a inda rana ke bugawa sosai, cikin ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Ba ya jure tsananin sanyi, saboda haka masu sauraronmu na Ingila da arewacin Amurka sai su sa shi a tukunya, su shigar da shi ɗaki lokacin hunturu. In ya zubar da ganye kada a tumɓuke shi, zai sake toho.

To amma fa ba duka danginsa ke da alheri ba. Akwai ɗan'uwansa lantana, wanda Turawa suka kai Indiya a farkon ƙarni na 19 saboda kyawun furensa. Daga lambu ya tsere ya mamaye dazuzzuka da makiyaya, ga shi kuma ganyensa na lalata hantar shanu, har ya kan kashe su. A shekarar 2000 aka sanya shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya.

Ke nan kafin mutum ya ɗauko baƙon tsiro ya dasa a gida, ya kamata ya binciki asalinsa da halinsa.