Raɗa Ta Fi Ihu Nisa

'Yar'uwa, ko uwargida ce ke ko budurwa, na san kin taɓa murɗa rediyo a gajeren zango, kika ji wani ƙara tsakanin tasha da tasha, wani kamar kukan gyare, wani kamar busar sarewa. Mu dai mukan ce batir ne ya yi sanyi, mu wuce. To ba duka ne hayaniyar banza ba. Wani daga ciki rubutu ne ke tafiya a iska, daga ɗakin wani mutum zuwa ɗakin wani, babu kamfanin waya a tsakani, babu sa kati. Tarihin masu wannan abu nake so in ba ki.

Ana ce musu masu rediyon sha'awa. Ba 'yan jarida ba ne, ba kuɗi suke nema ba. Mutum zai sami lasisi daga hukuma, a ba shi lambar kira tasa shi kaɗai. Ta Najeriya takan fara da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G. Kayan aikin su ne rediyo mai ji da magana irin na Icom ko Yaesu ko Kenwood, da eriya wadda sau da yawa waya ce kawai aka ɗaure tsakanin itatuwa biyu, da batir, sai kuma kwamfuta a wannan zamani.

Farkon abin da wulaƙanci ya fara. A 1912 gwamnatin Amurka ta kore su daga dogon zango, ta tura su ƙasa da mita 200, don a lokacin ana ganin wurin ba shi da amfani. Ashe ƙashin arziki aka ba su. A watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy ya yi musayar saƙo da 'yan'uwansa na Amurka, ta saman teku, a wannan zangon da aka raina. Ba da murya ba, da ƙwanƙwasa irin ta tangaraho, wato baƙaƙen Morse, gajeren ƙara da dogon ƙara.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai aka yi ta gwanjon wasu na'urori masu kama da tafireta. Suka saya suka haɗa da rediyonsu. Ki buga harafi a nan, ya fito kan takarda a can, kalma 60 a minti ɗaya. Sunan wannan hanya RTTY. Na'urar ta fi keken ɗinki nauyi da ƙara, kuma idan iska ta gurɓace sai rubutun ya fito a hargitse.

Maganin hargitsin ya zo daga Kanada. A 1978 masu sha'awa a birnin Montreal suka fara yanka saƙo ƙulli-ƙulli, kamar yadda kike ƙulla yaji ko gishiri na sayarwa, kowane ƙulli da adireshinsa. Idan ɗaya ya lalace a hanya, shi kaɗai za a sake aikowa. Wani ɗan akwati da ake kira TNC ke wannan aiki tsakanin rediyo da kwamfuta.

A 1998 kuma Peter Martinez na Ingila ya fito da PSK31. Shi ba ya bukatar akwati na musamman, ɓangaren sauti na kwamfuta ya isa. Mutum biyu sai su yi ta hira a rubuce da ƙarfin wutar da bai kai na ƙwan fitila ba.

Kin lura da inda abin ya dosa? Kowane mataki, murya na ƙara yin ƙasa, saƙo na ƙara yin nisa. Wanda ya kai shi ƙarshe shi ne Joe Taylor, malamin kimiyya da ya ci kyautar Nobel a 1993. Shi da Steve Franke suka fito da FT8 a 2017. Kowane ɓangare daƙiƙa 15 yake da ita, wannan ya aika, wancan ya saurara, don haka dole agogon kwamfutocin biyu ya daidaita. Kunnenki ba zai ji komai ba sai shuuu, amma kwamfuta za ta tsamo saƙon daga ƙarƙashin hayaniya, kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa.

Sai dai fa komai da farashinsa. Saƙon da kika rubuta da kanki a FT8 bai wuce harafi 13 ba. Lambar kira, inda kike, ƙarfin da aka ji ki, sai 73, wato sallama. Shi ke nan. Babu ina kwana, babu yaya yara, babu yaya muka ji da zafi. Nan gardama ta tashi a tsakaninsu, wasu na cewa kwamfuta ce ke gaida kwamfuta. Ni ina ganin suna da gaskiyarsu, don an ce zumunta a ƙafa take, kuma gaisuwar da ba tambayar iyali ai rabi ce. Wannan ƙishin hira ne ya sa a 2018 Jordan Sherer ya gina JS8Call a kan FT8, don a samu a yi zance ko da a hankali ne.

Kada ki ɗauka wasa ne kawai na masu lokaci. A watan Satumba na 2017 guguwar Maria ta rushe lantarki da ƙarafan sabis a tsibirin Puerto Rico. Ƙungiyar Red Cross ta nemi masu wannan sha'awa 50 su zo taimako. Waɗanda suka je sun yi aiki da Winlink, hanyar aika wasiƙar imel ta rediyo. Ki tuna halin uwar da ta kwana ba ta ji ɗuriyar ɗanta ba. A irin wannan rana, kalma biyu, "muna lafiya", sun fi doguwar hira daraja. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kuma ba na maza ba ne su kaɗai. Tun 1939 Ethel Smith ta kafa ƙungiyar mata masu wannan sha'awa a Amurka, mai suna YLRL. Har sallamarsu daban suke da ita, mace takan rufe saƙonta ga 'yar'uwarta da 33.

Abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, ba ɗaga murya ke isar da magana ba. Sanin lokacin faɗa, da jiran naka lokacin, da samun mai saurare na gaske, su ne sirrin. Don haka in kin ga 'yarki tana kwance tsohon rediyo tana leƙen cikinsa, kada ki yi saurin kwaɓarta. Waɗanda na lissafa miki, da irin wannan karambani aka fara.

Sai mun sake haɗuwa. 33.